Ruwan da Na Tace Bai Hau Taswira Ba

Tun da na dawo, babu ranar da zan biyo ta Ƙofar Ruwa bayan la'asar ban sha tambaya ba. Auwalu mai gyaran waya zai ɗago kai ya ce, "Ɗan teku, wai da gaske ne ba a ganin ƙarshensa?" Wani ya ce kifi nawa na ci, wani ya ce yaushe zan koma wajen Turawan. Amsata kullum ɗaya ce: lafiya lau, alhamdu lillahi. Ba ƙarya ba ce, amma ba ita ce dukan gaskiyar ba, kuma abin yana cina. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya tambaya in miƙa masa. Inda na manta zan ce na manta.

Sai na fara da abin da ya kai ni, don ko a gidanmu ba kowa ya gane ba. Digirina na biyu a kan ƙananan halittun teku na yi shi, waɗanda ido ba ya gani. A cikin cokali ɗaya na ruwan teku akwai su ba adadi. Wasu suna zuƙe iskar kabon, in sun mutu su nitse da ita can ƙasa. Wasu kuma suna kama naitirojin su mayar da shi taki ga sauran. Da yake teku ya fi ƙarfin a bi shi ɗiba-ɗiba, sai masana suka yanka shi gida-gida a kwamfuta kamar gidajen dara. Kowane gida a gaya wa kwamfuta zafinsa da haskensa da abincin da ke ciki, ita kuma ta yi hasashen wa ke zaune a wurin da irin aikin da yake yi. Amma hasashe yana bukatar shaida, wato ruwan da mutum ya je da kansa ya ɗebo. Akwai taswira da ake ɗiga wa alama duk inda aka taɓa ɗiba. Gaɓar Turai baƙi ƙirin take da ɗigo kamar an watsa gero. Tamu kuwa, daga Legas zuwa yamma, fari ne, sai ɗaya nan ɗaya can.

Wannan farin ne ya sa na rubuta wa wata Baturiya, Farfesa Hilda, saƙon imel. Sau bakwai ina gogewa kafin in tura. Bayan wata uku, har na cire rai, ta amsa. Ta ce jirginsu na bincike zai bi ta ruwanmu, akwai gado ɗaya babu kowa. Ta kuma ce tana da gurbin digiri na uku guda ɗaya, mu biyu take dubawa, ni da wani ɗalibinta, aikin jirgi ne zai raba. Saboda haka abu biyu na fita nema: in sa ruwanmu a taswira, in kuma samu wannan gurbi.

Mahaifina mai kwafar littattafai ne a unguwarmu Madabo. Tun ina ƙarami nake ganinsa a zaure, tsohon littafi a cinyar hagu, sabuwar takarda a ta dama. Inda gara ta ci asalin, ba ya cikewa da ka, ko da ya san kalmar. Fari yake bari. Inda ya yi shakka kuma, sai ya ɗauki jar tawada ya rubuta a gefe: haka na same shi, ban tabbata ba. Ranar da zan tafi bai yi dogon wa'azi ba. Ya ce ruwan teku yana alwala, kada in damu. Sannan ya ce, "Nazifi, abin da ka gani shi za ka rubuta. Inda ka yi shakka, ka faɗa." Umma kuwa kwana biyu ta yi tana daka dambun nama, ta cika min roba, ta ce ba ta yarda da tukunyar jirgi ba.

Jirgin ba a Legas zai tsaya ba, sai a wata tasha a Gana, don haka ta ƙasa na bi. Daga Kano zuwa Legas ba abin da zan faɗa muku da ba ku sani ba, sai dai ƙafata ta kumbura, kuma na ƙi shan ruwa don tsoron kada direba ya ƙi tsayawa. Kusa da ni wata Hajiya Rabi ce, mai fataucin atamfa, za ta Lome. Tun kafin mu wuce Zariya ta gama sanin sunan unguwarmu da na kakata. Da na ce mata teku za ni, ta ce, "Kai ɗana, ka taɓa shiga ko da kududdufi?" Na ce a'a. Ta ce, "To Allah ya raba mu da karatun da ya fi ƙarfin iyo." Ita ta riƙe ni, har motar da muka canza a Legas tare muka shiga.

A iyaka ta farko na fara ganin halina da idon wasu. Jami'in ya duba fasfo ya ce me zan je yi. Na ce bincike ne, amma ba ni ne shugaba ba, wato an gayyace ni ne, kodayake ba aiki ba ne da albashi, kusan dai karatu ne, sai dai ba a aji ba. Ya ajiye biro ya ce, "Masunci ne kai?" Na ce ba sosai ba. Sai Hajiya ta turo kai ta bayana ta ce, "Ɗalibi ne, ranka ya daɗe. Buga masa." Ya buga. Da muka fito ta ce, "A iyaka kalma ɗaya ake so. Ka ba su biyu, sun samu abin yi."

Ban ɗauki darasin ba. A iyaka ta biyu wani ya leƙo motar ya ce akwai mai nama ko kayan abinci? Motar nan kaf ƙamshin kilishi take, amma kowa ya kalli gabansa. Ni kaɗai na ɗaga hannu. Ya buɗe robar Umma, ya shinshina, ya ce ba a shiga da shi, ya sa a ƙarƙashin hammata ya tafi. Hajiya ta harare ni. Can ta buɗe jakarta ta yago min kilishi ta ce, "Ci. Wanda ya haife ka mutumin kirki ne, amma bai taɓa fatauci ba."

A wannan hanyar na fara ganin teku, ta tagar mota. Na zaci sama ce ta sauko ƙasa. Ban ji abin da na zata zan ji ba, sai wari kamar na layin masu kifi, da wani tsoro.

Kwana biyu na yi a zangon Hausawa na garin tashar kafin jirgi ya iso. Wani limami ya ba ni ɗakin baƙi, da tabarma da fanka mai kuka. Hausarsu daban take da tamu, suna ta dariyar yadda nake gaisuwa ba na ƙarewa. Wake da shinkafarsu ja ne, don da ganyen dawa suke dafawa, su zuba taliya da ƙwai da wani baƙin yaji a kai. Na ci na ƙoshi. Akwai kuma wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye, shi kam loma biyu na yi don kunyar mai gida.

Ranar da na hau jirgi na ga wata mata mai furfura da gajeren wando tana ɗauke da kwali. Na wuce ta ina neman Farfesa. Ashe ita ce. Na rusuna zan gaishe ta, sai ita ma ta sunkuya tana duba ƙasa, ta zaci wani abu na yar. Ta ce, "Ka kira ni Hilda kawai." Na ce to, Farfesa. Har muka rabu bakina bai iya ba. A can malami da ɗalibi tebur ɗaya suke ci, kowa ya wanke kwanonsa. Ɗalibi ya ce wa malamarsa ba daidai ta faɗa ba, a gaban mutane, da abinci a bakinsa, ita kuma ta yi dariya ta ce ya kawo hujja. Ranar farko da na ga haka sai da na sunkuyar da kai don kunya, kamar ni na yi.

Wanda yake yin hakan shi ne Tomas, ɗayan ɗalibin, kuma abokin ɗakina. Gado mai hawa biyu ne, shi sama ni ƙasa. Ba zan zalunce shi ba: mutum ne mai fara'a da kyauta. Shi ya riƙe min bokiti kwana ukun da na yi ina amai, har na fara tunanin ko ajali ne ya kawo ni. Hannunsa yana da sauri, ba ya waiwaye. In zan yi salla ya kan duba wayarsa ya nuna min gabas, kodayake kafin in kai raka'a ta biyu jirgi ya juya.

Wanda ya tashe ni daga jinyar shi ne mai dafa abinci, Baba Isiyaka, dattijo ɗan zango da ya daɗe yana bin jirage. Ya kawo min ruwan citta mai zafi ya ce, "Ɗan Kano, tashi. Teku ba ya tausayin na kwance." Shi yake nuna min da ido tukunyar da ke da alade in kauce. Abincin nasu yawanci burodi ne mai sanyi da cuku da ganye ɗanye. In ya ga na rame sai ya kira ni kicin ya zuba min shinkafa da yaji, ya tsaya a kaina har in cinye.

Ga yadda aikin yake. In jirgi ya kai inda ake so sai ya tsaya, a zura wani keji na ƙarfe mai kwalabe a jikinsa, kowace kwalba ta rufe bakinta a zurfin da aka sa mata. In ya fito sai mu tari ruwan mu kai ɗakin gwaji, mu tura shi da famfo ta cikin wata 'yar takardar tacewa, faɗinta bai fi murfin kofi ba. Ruwa ya wuce, halittun su maƙale. Sai a ɗauke ta da hantsaki, a sa a ƙaramin bututu, a kai firiza da gudu. Kowane samfur yana da layinsa a takardar rajista: lambar wuri, zurfi, lokaci, yawan ruwa. A ƙarshen layin, can gefe, akwai fili da aka bari don ƙarin bayani.

Da na ga wannan fili sai na ji kamar na ga ɗan garinmu. Na ce ashe su ma sun san gefen littafi. Na shiga cikawa. Famfo ya tsaya kusan minti biyu. Na ga kamar kumfa a bututu, ban tabbata ba. Safar hannuna ta taɓa bakin kwalba, na canza. An yi jinkirin minti biyar kafin firiza saboda tangaɗin jirgi. Kusan babu layin da ban sami abin faɗa ba, don a jirgin da ke rawa babu aikin da ke tafiya sumul. Na ɗauka wanda zai karɓi takardar zai karanta ya auna, ya ce wannan ba komai, wannan kuma a yi hattara. Ba wanda ya ce in cika, ba kuma wanda ya ce kada in cika. Ni ma ban tambaya ba. Wannan laifina ne, na yarda.

Tomas ba ya rubuta komai a nasa. Wata safiya, muna gab da shiga ruwan ƙasarmu, wanda ni aka ba aikin ɗibarsa, igiyar ruwa ta bugi jirgi, takardar tacewarsa ta suɓuce daga hantsaki ta faɗi a dandamalin da muke takawa da takalma. Ya ɗauke ta, ya hure ta da baki, ya jefa a bututu. Ya ga ina kallo, ya kashe min ido ya ce, "Duk teku ne, abokina." Na leƙa takardarsa daga baya. Filin fari tas. Ban gaya wa kowa ba. A yadda aka rene ni, ba ka tona asirin wanda ya riƙe maka bokiti, balle ga shi muna neman abu ɗaya, sai a ce hassada ce.

Kwanakin da muka yi a ruwan da ke daura da ƙasarmu su ne mafi daɗi a tafiyar. Wata rana da hantsi muka ga saman ruwa ya yi kamar an sheƙe ƙaiƙayi. Na ɗiba na sa a madubin ƙara girma, sai ga su, zare-zare a ɗaure kamar ƙananan tsintsiya: masu kama naitirojin. Lissafin kwamfuta ya ce a wannan yanki kaɗan ne. Farfesa ta duba, ta ɗago, ta sake dubawa. Ta ce, "Nazifi, in samfuranka suka nuna haka, sai mun gyara lissafin wannan gefen gaba ɗaya." Na ce wataƙila dai sa'a ce ta yini ɗaya. Ta ce, "Kai kullum wataƙila." Tana dariya ta faɗa. Ranar har na ci cuku.

Da yamma ina zaune a bakin kicin ina cika takarduna, Baba Isiyaka yana feraye dankali. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ɗan Kano, wasiƙa kake rubutawa?"

Na ce, "Bayani ne, Baba. Abin da ya faru da kowane samfur."

"Na daɗe ina dafa wa masu ilimi abinci. Takardun nan a teburina suke barinsu, ina gani. Ban taɓa ganin wanda ya cika wannan wurin ba. Wa kake rubuta wa?"

"Wanda zai karanta."

Ya jefa dankali a ruwa ya ce, "Akwai shi?"

Na yi dariya. Na ɗauka zolaya ce irin ta tsofaffi.

Bayan mako uku muka sauka. Farfesa ta riƙe hannuna da hannu biyu, ta ce ba ta taɓa samun mai tsanaki kamata ba. Tomas ya ba ni rigar ruwansa kyauta, tana nan a ɗakina. Ƙasa ta yi kwana biyu tana rawa a ƙafata. Na biyo hanyar da na je, a kowace iyaka na ce ɗalibi, aka buga min. Na iso Madabo da murna, rana ta ƙona min fuska, Umma ta ce na rame, ban gaya mata inda dambunta ya kwana ba.

Wata biyu bayan nan saƙo ya zo. An gama gwajin samfura, an tura sakamako wata cibiya da ke tara irin waɗannan bayanai na duniya, ga jadawalin. Na buɗe. Layukan Tomas duk an yi musu alamar inganci. Nawa kuwa, in ka cire guda huɗu da na ɗiba nesa da ruwanmu, duk an yi musu alamar shakka, an ware su gefe. Na zaci kuskure ne. Na hau soro inda waya ta fi kamawa, na kira Farfesa.

Ta ce ita ma yanzu ta gani. Ta ce layukan da ke zuwa cibiyar sun fi ƙarfin mutum ya bi, saboda haka na'ura ce ke tacewa. Duk layin da aka rubuta wani abu a filin bayani, sai ta ɗauka matsala ce ta ture shi.

Na ce, "Farfesa, wato ba wanda ya karanta?"

Ta ce, "Babu. Ya kamata in gaya maka tun a jirgi, ban lura ba. Amma gyaran mai sauƙi ne. Ka goge waɗanda ba su da muhimmanci, ka sake turowa kafin Juma'a. Daga ranar za a rufe."

Na ce, "Waɗanne ne ba su da muhimmanci?"

Ta ce, "Kai ka tsaya a wurin, ba ni ba. Ka yanke hukunci. Kowa haka yake yi."

Maganar takardar Tomas ta zo min har baki. Na haɗiye.

Ba na so a ɗauka muguwa ce. Ƙofa ta buɗe min, kuma ina jin da gaske take so in shiga. Wataƙila ma tana da gaskiya, yawancin abin da na rubuta ba zai canza komai ba. Amma a kunnena abin da ta ce shi ne in kankare jar tawada.

Na sauko na sami Baba a zaure. Na zauna har ya kai ƙarshen layi, sannan na faɗa masa komai. Bai ɗago ba. Ya ce, "Abin da ka rubuta, ya faru?"

Na ce, "Ya faru, Baba. Amma ƙanana ne."

"Ka tabbata ƙanana ne?"

"Ina zato."

Ya ce, "To." Ya tsoma alƙalami.

Umma tana bayan ƙofa, ashe tana ji. Ta ce, "Malam, karatun yaron nan ne fa. Shekara nawa yana wahala."

Ya ce, "Ban hana shi ba. Tambaya na yi."

Da ya hana ni da na huta, da ya ba ni izini ma da na huta. Sai na yi abin da irina ke yi, na nemi hanya ta uku. Kwana huɗu na yi ina bin layukan ɗaya bayan ɗaya, na rubuta shafi goma sha ɗaya. Na kasa su kashi-kashi: wanda nake ganin ba zai cutar ba da dalilina, wanda zai iya, da wanda ban sani ba. Ban goge ko harafi ba. Na roƙi a sa mutum ya duba. Na tura wa Farfesa ranar Juma'a kafin in tafi masallaci, har ina jin na yi dabara.

Amsar layi uku ce. Ta gode ƙwarai. Tsarin cibiyar ba shi da inda za a sa irin wannan takarda. Lokaci ya rufe. Bayan mako biyu wata wasiƙar ta biyo, mai ladabi sosai: an ba Tomas gurbin, saboda bayanansa sun wuce ba tangarɗa kuma da su za a ci gaba da aiki. Ta ce ni mai gaskiya ne, sai dai ina bukatar in ƙara yarda da hannuna. Shi ma Tomas ya turo min saƙo, ya ce bai ji daɗi ba, ya sa hoton fuska mai hawaye.

Da sabuwar taswirar hasashen kwamfuta ta fito na buga ta a shagon Auwalu, ban gaya masa ko mece ce ba. Na kai wa Baba, don ya sha tambayata. Ya sa tabarau ya shimfiɗa ta a kan buzu. Teku duka launi ne, shuɗi da kore da ja, babu inda aka bari. Na nuna masa Legas, na nuna masa inda muka bi.

Ya ce, "Ina naka?"

Na ce, "Na wannan wurin ba su shiga ba."

Ya sa yatsa a kan ruwan da ke daura da mu, wanda aka shafe da shuɗi mai haske, alamar masu kama naitirojin kaɗan ne. Ya ce, "To wa ya cike nan?"

Na yi masa bayani cewa kwamfuta ba ta barin fili. In babu shaida a wuri, sai ta jingina da ɗigon da ya fi kusa. Abin da ban faɗa masa ba shi ne na duba lambar wannan ɗigon har sau uku. Wurin nan ne da igiyar ruwa ta bugi jirgi da safe. Ban ce takardar da ta faɗi ita kaɗai ta ba da launin ba, akwai wasu samfuran a wurin, kuma mai yiwuwa faɗuwar ba ta ɓata komai ba. Ban sani ba. Amma ƙaiƙayin nan na gan shi da idona, kuma ba ya cikin taswirar.

Baba ya naɗe takardar a hankali ya miƙo min. Ya ce, "Mu in gara ta ci, fari muke bari." Ban gane ba ko ta'aziyya yake min ko su yake wa faɗa. Ban kuma tambaya ba.

Yanzu ina aiki a wani ƙaramin ɗakin gwaji da ke duba ruwan sha. Su ma takardarsu tana da fili a gefe. Watannin farko ina cikawa, maigidan yana tsaki, yana cewa ina jawo masa tambayoyi. Makon jiya wuta ta ɗauke na minti uku ana tsakiyar gwaji, kafin a tada janareto. Na san minti uku ba za su canza sakamako ba, ko in ce ina zato. Na riƙe biro a kan filin har tawada ta yi ɗigo. Sannan na ɗauke hannuna, na miƙa takardar haka. Ya buga hatimi bai ko duba ba, ya ce, "Yawwa Malam Nazifi, yanzu ka fara iya aiki."

Da na dawo gida na bi ta ƙofar baya, don kada in ratsa zaure.

Saboda haka Auwalu, gaskiya ne, ba a ganin ƙarshensa. Kifi kuma ban ci da yawa ba. Masu tambayar yaushe zan koma, ku daina, ba a kira ni ba. Samfurana suna can a wata firiza a ƙasar da ban taɓa takawa ba, kowanne da lambarsa da rubutun hannuna, da dukan abin da ya same shi a rubuce a gefe. Baba Isiyaka ya tambaye ni a bakin kicin ko akwai mai karantawa, na yi masa dariya. In wani cikinku ya bi ta zangon nan ya gan shi, ya ce masa ɗan Kano ya samo amsa: babu shi.